Rijiya ta Arba'in da Ɗaya

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Lalla ta kira ni ɗazu, ɗiyar Baba Agali. Da na ga lambarta har na yi murna, na ɗauka cuku za ta aiko mini kamar bara. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya ta yi ba. Ta ce, "Naja'atu, mi kunka rubuta bisa rijiyarmu?" Na ce wace rijiya, alhali na sani sarai. Ta ce Issa, wanda suke shayar da dabbobi tare, ya zo da takarda mai tambarinmu a sama yana nuna wa kowa, wai ga shi an rubuta rijiyar tasa ce. Ya ce daga yau shi zai fara jan ruwa da asuba, Baba Agali ya jira. Rezon waya ya yanke kafin in ba ta amsa, ni kuma ban sake kira ba.

Bari in rubuta wa kaina abin daga farko, ko kaina ya daina juyawa. Shekara huɗu ke nan muna aikin Mashaya, mu 'yan sa kai. Lojisiyel ne, wato manhajar salula, da ke nuna wa makiyayi inda rijiyoyi da burtali suke. Kyauta ne, a buɗe yake, duk wanda ya iya sai ya ɗauka ya gyara ya ƙara. Harouna ne ke rubuta shi daga Yamai, cikin ɗaki mai sanyi. Ni ce ƙafafun aikin. Ni na sha ƙura a bayan kabu-kabu daga Roumbou har arewa, na tsaya bakin rijiya saba'in da uku da kaye, littafin rubutuna, a hannu. Gida biyu gare mu a intanet. Akwai sit, mai tambari da launi, a kulle, ba mai taɓa shi sai da izini. Akwai wiki, inda kowa ke shiga ya rubuta ya goge. A watan Fabrairu muka zauna muka raba kaya tsakaninsu, tablon rijiyoyi, wato jerinsu layi-layi, ya tafi sit. Ba zan yi maganar wannan zaman ba yau.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Na buɗe sit. Layi na arba'in da ɗaya. Suna: Rijiyar Issa. Zurfi: gaba talatin da biyu. Gwafa huɗu. Na rufe.

Talata, bayan azahar

Na rubuta wa Harouna cewa akwai kuskure a layi na arba'in da ɗaya, a gyara yau. Sai da ya gama cin abincinsa ya amsa: "Ki buɗe tike, Naja. Kin san regle: mutum biyu ke sa hannu kafin a taɓa sit, ni da Mariama." Har da ɗan hoton nan mai murmushi ya liƙa mini a ƙarshe. Wato raƙuman mutane su tsaya da ƙishi har sai an cika fom. Na ce masa Mariama, mai kula da wikinmu, ta bar aikin tun Fabrairu, ya sani. Ya ce sunanta yana nan cikin na'ura, kuma na'ura ba ta san fushi ba, sa hannunta kawai take jira.

Na buɗe tiken, wato buƙatar gyara a rubuce. Ban tambaye shi wanda ya kawo dokar mutum biyu ba, shi ma bai faɗa ba. Wannan shirun nasa ya fi zagi ciwo.

Alhamis, 10 ga Afrilu, hantsi

Ɗan birni zai ce mene ne abin faɗa a kan wa zai fara jan ruwa. Ya zo ya tsaya bakin rijiya a bazara ya gani. Daga asuba zuwa hantsi ruwa ne garau. Daga nan wasaki laka yake fitowa da ita, sai a jira sa'o'i kafin rijiya ta sake tarawa. Wanda ya fara ja, dabbobinsa sun ƙoshi. Wanda ya zo baya, 'yan maruƙansa su lashi kwami. Al'ada kuma kowa ya san ta: zuriyar wanda ya gina rijiya ke fara ja, amma ba sa hana baƙo.

Na ɗauko kayen bara na duba. Shafi huɗu cur na cika a kan wannan rijiya ɗaya. Baba Agali ya shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin itacen adua, ya dafa shayi har sau uku, ya ba ni labarin duka. Mahaifinsa ne ya gina ta kafin babban farin nan, da mutum shida da jaki biyu, wata biyar suna haƙa. Issa ya zo shekara goma sha biyu da suka wuce, baƙo, shanunsa ƙashi da fata. Baba Agali ya ce ya kafa gwafarsa ta yamma ya ja. Da yake rumfar Issa ce a bakin hanya, yana sayar da sukari da ganyen shayi, direbobi suka riƙa cewa "a tsaya rijiyar Issa". Duk na rubuta wannan. Ga shi da rubutuna, har da ɗigon shayi a gefen shafin.

Tablon sit kuwa gurbi ɗaya gare shi na suna, harafi ashirin da biyar.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Ban kira Mariama ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan la'asar

Inna ta ajiye mini fura tun safe, ta dawo ta tarar da ita yadda ta bari. Ta tsaya kaina, ina duƙe gaban kwamfuta, ta ce, "Ke wai wa ya mutu cikin ordinatarki?" Na ce aiki ne. Ta ce, "Aikin da ba a biyan ki, shina hana ki ci? To Allah shi kyauta." Ta ɗauke kwanon ta ba maƙwabta. Na ji haushinta, na ji haushin Harouna, na ji haushin Issa da ya iya zuwa wurin mai fotokopi amma bai iya tuna wanda ya shayar da shi ba. Tiken yana nan yadda yake, sa hannu sifili cikin biyu.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Vokal daga Lalla, saƙon murya na minti uku. Maganar ta kai gaban mai gari, an sa zama ranar Asabar 26 ga wata. Cikin waɗanda suka ga ginin rijiyar, biyu sun rasu, ɗaya ya yi ƙaura, ɗaya ya rage kuma ba ya ji. Issa ya buga takardar kwafi goma. Kafin zaman an ce su riƙa yin karɓa-karɓa, yau wannan ya fara, gobe wancan. Ta ce a ranakun Issa, raƙumarsu mai shayarwa ba ta ƙoshi, nono ya ja baya. Ina jin muryar Baba Agali daga nesa yana tambayarta wani abu da Tamajaƙ, amma bai karɓi wayar ba. Shi da ke ƙwace salula daga hannunta ya ce "ɗiyata ta Dakoro, yaya gajiya?"

Na maida mata cewa kuskure ne daga Yamai, muna gyarawa. Haka na ce, daga Yamai. Na ce zan rubuta wasiƙa da hannuna in aiko. Ta amsa da layi ɗaya: "Ta hannu, ko mai tambari?"

Alhamis, 17 ga Afrilu, tsakar rana

Na shiga wiki yau, karon farko tun Fabrairu. Ban san abin da na je nema ba. Ashe Mariama ta buɗe wa kowace rijiya shafinta, saba'in da uku, tun kafin zamanmu na Fabrairu. Na danna ta arba'in da ɗaya. Ta shirya kanun magana tana jira: Sunayen da ake kiranta da su. Wanda ya gina ta. Tsarin jan ruwa. Inda baki bai zo ɗaya ba. Ƙarƙashin kowane babu komai, fili fetal. Can ƙasa ta bar 'yar sanarwa: "Naja'atu za ta cika daga kayenta."

Gyara na ƙarshe, 15 ga Fabrairu. Na rufe ordinatar na je na share tsakar gida da Inna ta riga ta share.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na kira ta. Sai da ya yi ƙara shida ta ɗauka, ina jin hayaniyar 'yan lakkwal ɗin da take koyarwa a Maraɗi. Muka gaisa kamar surukai. Na faɗa mata abin da ya faru, ina sauri kada ta katse ni. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Allah sarki tsohon nan. Ni dai na manta modepas ɗina na buɗe sit, Naja'atu. Mai share juji mi za ta yi da makullin falo? Harouna shi sake mini wani, in sa hannu." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Harouna kuma ya tafi horo na sati ɗaya, ya bar babbar ordinatarsa a Yamai, a cikinta makullin sit yake. Ya ce Litinin mai zuwa, in sha Allah. Na ce zaman Asabar ne. Ya ce ya yi haƙuri ƙwarai, ya sake liƙo mini hoto, wannan karon mai hawaye.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan sallar asuba

To, bari in rubuta shi, tunda ba mai karantawa.

A zaman Fabrairu Harouna ya kawo ƙa'ida mai sauƙi. Abin da ba ya canzawa, kamar yadda ake saka lojisiyel da lasisinsa da su wane ne mu, ya tafi sit. Abin da ke canzawa ko ake gardama a kansa ya tafi wiki. Ya ce rijiyoyi na wiki ne, domin rijiya tana ƙafewa, tana rushewa, kuma kowace tana da suna uku. Mariama ta goyi bayansa, ta ce ta ma shirya shafukan.

Ni na tashi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce shekara huɗu ina cin ƙura, shi ke nan a kai aikina bayan gida, inda duk ɗan da ya sayi forfen intanet na dala ashirin zai shiga ya goge? Na ce masu ba da tallafi sit suke buɗewa, ba wanda ke leƙa wiki. Na ce wiki juji ne. A gaban Mariama na faɗa, ita da ta shekara biyu tana share shi ita kaɗai. Na ce ko rijiyoyi su hau sit ko in kwashe kayena. Suka ba ni. Ban tsaya nan ba. Ni na ce a kulle sit da sa hannun mutum biyu, don kada Harouna ya tashi wata rana ya taɓa mini tablo. Ni na ce a rubuta gargaɗi a saman kowane shafin wiki, don kowa ya san bambancinsa da nawa.

Da na zo cika tablon, layi na arba'in da ɗaya, na dubi shafi huɗu na dubi gurbi ɗaya. Na ce wa kaina makiyayi baƙo sunan da direba ya sani zai nema. Na buga Rijiyar Issa. Ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba, don ina sauri in ga sunana a ƙasan shafin, ƙarƙashin tambari. Yana nan kuwa: Tattarawa, Naja'atu Salihu.

Jumma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Na sa kayen cikin jaka na tafi tasha. Akwai mota mai zuwa arewa, direban ma ya san ni, ya ce, "Malama, rijiyar Issa za ki? Hau gaba." In na je zaman na buɗe kayen nan, na ce ni na rubuta takardar kuma ga abin da na bari a baya, ƙila a saurare ni. Sai dai zan faɗe shi Baba Agali yana zaune yana kallona, bayan na ce wa ɗiyarsa daga Yamai ne.

Na tsaya har aka gama lodin buhuna. Na ce wa direban na manta wani abu a gida. Inna ta tambaye ni, na ce hanyar ba ta da lafiya kwanan nan. Ta ce gara da na dawo, har ta sa mini albarka.

Asabar, 26 ga Afrilu, azahar

Zafi. Na wanke kaya, har da waɗanda ba su yi datti ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Lalla ba ta yi vokal ba, rubutu ta turo. Mai gari ya saurari kowa. Tsohon da ba ya ji ya yi ta ba da labarin wata rijiya daban. Mutane da yawa sun ce sun taso sun ji ana cewa ta gidan Agali ce, wasu sun ce su dai rijiyar Issa suka sani. Baki ya rabu, takarda kuma guda ce a wurin. An ce ba a raba kowa da ruwa ba, amma Issa zai fara ja har damina ta faɗi, sannan a sake zama. Damina saura wata biyu in an yi sa'a. Ɗan raƙumarsu mai shayarwa ya mutu ranar Alhamis, ba ta faɗa mini ba sai yanzu.

Ta rufe da cewa, "Mun zaci za ki zo."

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Harouna ya koma Yamai. Ya sake wa Mariama modepas, ta sa hannu, ya sa hannu. Na duba agogo: gyaran sunan rijiyar bai kai minti ɗaya ba. Sati uku cif, minti ɗaya.

Ya kira ni da kansa, abin da bai saba ba. Ya ce, "Naja, ba don in tuna miki komi ba, amma mi kika gani in tablon ya koma wiki? Sit shi nuna taswira kawai, duk mai son bayani shi danna shi shiga can." Na ce to. Ina jin faɗa yake jira. Na sake cewa to. Da yamma na zauna na kwafe shafi huɗun nan kaf cikin kanun da Mariama ta shirya, da jakuna biyun da wata biyar da komai. Sun shiga daidai, kamar an auna.

Alhamis, 1 ga Mayu, la'asar

An buɗe shafin sau uku. Biyu ni ce.

Talata, 6 ga Mayu, bayan magariba

Sun zo yau da hantsi, Baba Agali da Lalla. Ya shigo gari ya sayar da shanu huɗu, don ba zai iya riƙe su a kan laka ba. Sauran zai kora su arewa wurin dangin matarsa, rijiyar da shi ne zai zama baƙo a bakinta. Ya rame, rawaninsa kamar ya yi masa yawa. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwan randa mai sanyi a kofin silba na ajiye gabansa. Ya gaishe da Inna da kyau, ya tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya ce, "Ɗiyata, ni na ba ki labari duka. Ina kinka kai sauran?"

Na ɗauko ordinatar na buɗe masa wiki. Lalla ta karanta masa, tana juya wasu wurare da Tamajaƙ. Yana gyaɗa kai. Da ta kai wurin jakuna biyu har ya ɗan murmusa, ya ce ɗayan baƙi ne, mai cizo. Ya ce, "Daidai ne. Haka na hwaɗa miki. To a buga mini shi ga takarda, in aje ma zaman damina."

Na ruga wurin mai fotokopi na dawo da shafi biyu. Ya karɓa ya juya su, ya duba sama, ya shafa wurin da babban yatsa. Ya ce, "Ina tambarin?" Na ce wannan ɓangaren ba shi da tambari. Ya ce to wannan layin mai kauri na sama mi ya ce. Sai Lalla ta karanta: "Hattara. Kowa na iya gyara wannan shafi. Ba mu da tabbacin abin da ke cikinsa."

Ya ce, "Kowa? Har Issa?" Na ce e. Ya ninke takardun biyu a hankali ya ajiye a kan tabarma, kusa da kofin.

A nan bakina ya buɗe. Na ce, "Baba, ba Yamai ba ne. Ni ce na zaɓi sunan. Ni na rubuta." Na zaci zai yi mamaki, ko ya ɗaga murya, har na shirya kuka.

Ya gyara bakin rawaninsa ya ce, "Na sani, ɗiyata. Mutanen Yamai ba su san hanyar rijiyata ba. Ke ɗai kinka zo."

Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya yi wa Inna sallama, ya ce Allah shi ba mu damina mai albarka. Lalla ta bi bayansa ba ta waiwayo ba. Na raka su har ƙofa, ban san me na ce ba.

Mutumin da ya shekara arba'in yana shayar da duk wanda ya tsaya bakin rijiyarsa, ya shigo gidanmu da ƙishin bazara, ya zauna sa'a guda. Takardun suna nan a ninke kan tabarma. Kofin ma yana nan cike. Inna ta zo za ta ɗauke, na ce ta bar shi.